Yadda na raba layi na sa mita mai kati a gidan haya a Gombe

Duk wanda ake kawo wa bil ɗin ƙiyasi, wa'azin tsimin wuta ba nasa ba ne. Ka kashe ƙwai da rana, ka zare caja daga soket, ka hana yara kunna talabijin, takardar da za a soke maka a ƙofa ƙarshen wata ba ta san ka yi ba. A gidan da muke haya a Pantami, cikin garin Gombe, shekaru muka yi a haka: iyali huɗu, waya ɗaya daga falwaya, bil ɗaya da sunan mai gidan, sai a zauna a raba. Rabon kuma da ido ake yin sa. Ni da nake da firiza, ina sayar da zoɓo da kunun aya in na taso daga makarantar da nake koyarwa, kullum kaso mafi tsoka kaina yake faɗawa, ko da kuwa a watan wutar ba ta taɓa zama har ruwa ya yi ƙanƙara ba.

Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Ƙaramin janaretanmu tun daga lokacin ya koma bayan ƙofa. Kuɗin Keke Napep ya tashi, na niƙa ya tashi, har mai kurar ruwa ya ƙara. Maigidana direba ne a hanyar Gombe zuwa Yola, yakan jima bai kwana gida ba, don haka da muka yanke shawarar raba layinmu mu sa mita, zirga-zirgar kaina ta faɗo.

Ba daga ofishin wuta aka fara ba, daga zauren mai gidan aka fara. Dattijo ne, tsohon ɗan kasuwa, ba ya son abin da zai haɗa shi da takarda. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baba, so nake a raba mini layi in sa mita mai kati." Ya dube ni ya ce, "Malama, ke da kike haya? Ran da za ki tashi, ciro ta za ki yi ki sa a jaka?" Tambayar tasa tana kan hanya. Mita ta gida ce, ba ta mutum ba. Da adireshin ake yi mata rajista, ba a ɗauke ta a kai wata unguwa don an ga dama. Ke nan ɗan haya ne zai zuba kuɗi, amfanin dindindin kuma ya zama na mai gida. Shi kuma mai gida ba shi ke shan wutar ba, me zai sa ya saya? A nan ne gidajen haya da yawa suke maƙalewa, kuma ban taɓa jin jami'in da ya zo rediyo yana kiran mutane su sa mita ya taɓo wannan ba. Mu dai mun rabu a kan cewa in na tashi za a cire mini wani abu daga kuɗin hayar shekarar ƙarshe. Na sa ɗansa ya rubuta, mai unguwa ya sa hannu.

A ofishin kamfanin wuta aka ba ni fom, aka nemi lambar NIN, hoto, lambar waya, tsohon bil na gidan da takardar amincewar mai gida. Wannan duk mai sauƙi ne. Inda aka yi turnuƙu shi ne bashi. Da ma'aikaciyar ta buɗe asusun gidan a kwamfuta ta juyo mini da fuskar allon, sai da na ce innalillahi. Bashi ne da ya taru tun kafin mu tare, na mutanen da wasu ma sun bar garin. Ta ce ba za a buɗe mini sabon asusu ba sai an san kason da zai biyo ni.

A nan ne sanin doka ya yi mini rana. Wani malami abokin aikina ya riga ya faɗa mini cewa tun watan Fabrairun 2020 hukumar NERC, mai kula da harkar lantarki ta ƙasa, ta sa iyaka ga yawan yunit ɗin da za a ƙiyasta wa wanda ba shi da mita, gwargwadon abin da masu mita na layinsa suke sha. Ya kuma ce in mutum ya kai ƙorafi a rubuce kamfani bai warware ba, yana da damar ɗaukaka shi zuwa zauren sauraron ƙorafi na hukumar. Na rubuta takarda da hannuna, na haɗa da tsofaffin bil da rasit ɗin da matar mai gidan take adanawa a cikin wani gwangwanin madara, na kai, na sa aka buga mini hatimi a kwafina. Wannan hatimin shi ne abin da nake fara gaya wa duk wadda ta tambaye ni. Ƙorafin baki a bakin kanta yake mutuwa. An rage wani abu, ba duka ba, ragowar aka raba huɗu, aka ce kasona za a riƙa cira kaɗan-kaɗan duk lokacin da na sayi kati. Daga baya, a Fabrairun 2024, na ji a labarai cewa hukumar ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya sama da naira biliyan 10 saboda sun tsallake wannan iyakar. Ban yi mamaki ba.

Sai aka turo mai duba gida. Ya zaga, ya leƙa inda wayoyi suka haɗu a saman ƙofar zaure kamar an watsa taliya, ya ce sai an ja mana waya tamu daban kuma an binne ƙarfen da ke kai wuta ƙasa. Na kira mai gyaran wuta na unguwa, na sayi waya da abin katse wuta a tsohuwar kasuwa. Wannan kuɗin ba ya cikin lissafin kowa, amma babu mita sai da shi.

Kuɗin mitar kanta kuwa, a ƙarƙashin tsarin MAP da aka kawo tun 2018, mai son mita da wuri shi ke biya, a riƙa mayar masa a hankali ta hanyar yunit. Rashin sa'ata, ina cikin tara kuɗi hukumar ta ƙara farashi a watan Satumbar 2023: mita mai layi ɗaya ta tashi daga naira 58,661 zuwa 81,975. A lokacin mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 30,000 ne. Kowa ya yi lissafin da kansa. Akwai shirin raba mita kyauta da gwamnatin tarayya ta fara a 2020, wasu a Gombe sun samu, amma da na tambaya aka ce wancan zagayen ya wuce, in jira na gaba in ina da haƙuri. Ɗaukar adashina na makaranta na haɗa da abin da maigida ya turo. A bakin ofis wani matashi ya tare ni, "Hajiya, kawo in shigar miki, gobe-gobe za a ɗaura." Na ce masa Allah ya ba da sa'a, na wuce banki na biya a asusun da aka rubuta mini a takarda. Ƙa'ida ta ce a ɗaura cikin kwanakin aiki goma bayan biya. Tawa ta wuce haka nesa ba kusa ba, sai da na yi ta sintiri da rasit a hannu, har masu gadi suka san ni.

Ranar da suka zo, a saman falwaya suka ɗaura mitar, suka ba ni wani ɗan akwati mai madannai da za a jona a soket a ɗaki. Da shi ake shigar da lambobi ashirin na kati, shi ke nuna yunit nawa suka rage. Akwai wata 'yar jar fitila a jikinsa mai ƙyaftawa. Da ƙwai biyu da fanka kawai, sai ta ƙyafta ta huta, ta ƙyafta ta huta. 'Yata ta fari ta jona dutsen guga za ta goge kayan makaranta, sai fitilar ta kama ƙyafce-ƙyafce ba tsayawa. Ƙanenta ya ƙwala kira, "Umma, zo ki ga, tana gudu!" Muka tsaya cirko-cirko a kanta. Na ce a cire dutsen, ta lafa. Na ce a jona hitar dafa ruwa, ta sake zabura har ta fi na farko. A daren nan yarana suka fahimci abin da na shekara ina faɗa ba su ji ba.

Lissafin ba shi da wuya in an zauna. Yunit ɗaya shi ne abu mai cin wat 1,000 ya yi awa ɗaya yana aiki. Dutsen guga da hita kowannensu yana kusa da haka ko ya fi, ke nan awa guda ta guga yunit guda ce. Tsohon ƙwai mai jan haske, mai zafi in an taɓa, wat 60 yake ci; in ya yi awa biyar kullum, a wata ya sha yunit 9. Farin ƙwai na LED mai wat 9 da ke ba da haske kusan iri ɗaya, bai kai yunit ɗaya da rabi ba a watan. Fankar sama tana cin wajen wat 70, ita kuwa a bazarar Gombe ba mai kashe ta sai wanda ya shirya kwana a tsakar gida. Na canja ƙwayayen duka. Guga ta koma rana ɗaya a mako, a tara a yi gaba ɗaya. Hita na ɗaure wayarta na jefa saman kabad.

Firizar ce ta fi ba ni aiki. 'Yar gwanjo ce, robar bakin murfin ta saki, sanyi yana zurarewa, injin yana ta gurnani ba hutu. Mai gyara ya sa takarda a bakin ya rufe, ya zare ta ba tare da ta tirje ba, ya ce, "Anti, kuɗinki ta nan yake fita." Aka sa sabuwar roba, aka janye ta daga jikin bango, aka ɗauke ta daga inda ranar yamma ke dukan ta. Na daina zuba zoɓo da ɗuminsa. Bayan haka, har da cirar bashi, abin da nake kashewa a wata ya sauko ƙasa da kason da ake ɗora mini a da, maƙwabta kuma suka rasa wanda za su ce shi ke shanye wutar gida.

A Afrilun 2024 aka yi ta surutu kan ƙarin kuɗin wuta. Tun 2020 aka kasa layuka rukuni biyar gwargwadon awannin da ya kamata su samu a rana: A awa 20, B 16, C 12, D 8, E kuma 4. Ƙarin ya faɗa kan rukunin A, yunit ya koma naira 225, daga baya aka ɗan sassauta. Layinmu ba ya ciki, ba mu kuma taɓa ganin awa 20 ba balle mu yi kewarta. A cikin jadawalin farashin akwai wani rukuni na masu ƙaramin ƙarfi da ba sa wuce yunit 50 a wata, waɗanda aka rubuta musu naira 4 kan kowane yunit. A takarda wannan shi ne tallafin talaka na gaskiya. Amma ta ina tsohuwa mai ƙwai ɗaya da rediyo za ta nuna ba ta wuce 50 ba, alhali ba ta da abin aunawa, kuma layi ɗaya take da mai walda?

A ƙarshen watan Afrilun 2024 ɗin ne ɓarayi suka kayar da turakun babban layin da ya taso daga Jos zuwa Gombe, gari ya shiga duhu ana tsakiyar zafi, har Yola da Jalingo abin ya shafa. Ga madatsar Dadin Kowa a gefenmu da injinan megawat 40, ga mu muna fifita da murfin kwali. Sana'ar zoɓo ta tsaya cak. Abu ɗaya da ya sanyaya mini rai, yunit ɗina suna nan yadda na bar su, ba wanda ya ƙiyasta mini duhu. Haka ma da aka sake yin doguwar ɗaukewar Arewa a watan Oktoba. Kafin 24 ga Nuwamban shekarar kuma aka ce kowa ya sabunta mitarsa, aka ba ni wasu jerin lambobi biyu na shigar kafin na kati. Wannan bai ɗauki minti biyar ba.

To amma duk wannan ƙaramin yaƙi ne. Da na fara rubuta abin da ke fita a bayan littafin darasi, sai na ga kuɗin girki ya ninka na lantarki. Risho tun da kananzir ya fi fetur tsada muka ajiye shi. Gas muka koma, muna cika 'yar tukunya mai kilo shida, har kilo ya haura naira dubu a 2024, duk da an ce an cire masa harajin VAT. Sai na bar gas don shayin safe da ɗumame, na koma kurfoti kamar yadda rabin matan unguwa suka koma. Gawayin ma ba arha ba. Wadda ke da hali ta sayi buhu, wadda ba ta da shi ta sayi ƙulli a leda kullum, kuma in aka tara kuɗin ƙullin wata ya fi na buhu. Mara shi kullum shi ke saye da tsada.

Na ji a rediyo cewa gwamnatin tarayya ta amince da manufar girki mai tsabta ta ƙasa a 2024. Na shirya na je wani ofishi da aka ce su ke da ruwa da tsaki a harkar, na tambayi inda ake rubuta suna don samun murhu mai tsimi ko tukunyar gas da rangwame. Mutumin ya karɓe ni da mutunci, ya ce, "Malama, mu ma a rediyon muka ji. In an turo za a sanar ta hannun masu unguwanni." Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Na dai tuna cewa tun 2014 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da kwangilar naira biliyan 9.2 don sayo murahu 750,000 a raba wa matan karkara, maganar ta ƙare a rigima. Ni dai a dangina na Kumo da Dukku ba wadda ta taɓa nuna mini nata.

Da kuɗina na sayi murhun, wajen wata mata da ke kawo su tana karɓar biya sau uku. Jikinsa ƙarfe ne, cikinsa an shafe da gasasshen yumɓu mai kauri, ƙasansa da ramuka, da 'yar ƙofa ta iska. Yumɓun ne sirrin: kurfoti na ƙarfe zalla yana watsar da zafi ta ko'ina, har ƙafar mai girki ta fi tukunya jin wuta, wannan kuwa yana tattare shi ya tura sama. In miya ta tafasa sai in tura ƙofar ta rage kaɗan, garwashin ya lafa yana ci a hankali. Gawayin da a da ke ƙarewa kafin shinkafa ta tsotse, yanzu har ruwan wankan yara nake ɗorawa a kan ragowarsa. Yana da nasa aibin. Bakinsa bai ɗaukar babbar tukunya, kuma in za a tuƙa tuwon masara sai wani ya danne shi, in ba haka ba muciya ta kifar da komai. Wanda ya ƙera shi da alama bai taɓa tuƙa tuwon mutum goma ba. Ba a kuma kashe shi da ruwa, yumɓun tsagewa yake. Sai dai a kwashe garwashin a rufe a tsohuwar tukunya, gobe a ƙara da shi. Wake kuma tun dare nake jiƙa shi, in ya tafasa sosai in sauke in naɗe tukunyar da tsohon bargo in tura cikin kwando, ya ƙarasa nuna da kansa.

Hayaƙi ya ragu, amma gawayi gawayi ne. Da hunturu ban yarda a shigar da shi ɗaki a rufe ƙofa ba, ko yara sun yi ta magiya, domin iskarsa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, mafi yawa daga girki, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020. Kuma duk motar icce da ke shigowa gari ta hanyar Dukku daji ne aka sare. Gwamnatin jiha tana dashen bishiyoyi a shirin Gombe Goes Green tun 2019, abu ne mai kyau a garin da zaizayar ƙasa ke cin gidaje, sai dai muddin gas ya fi ƙarfin albashi, gatari zai riga dashe sauri.

Wata ƙawata da muka yi makaranta tare, yanzu tana aikin jinya a Ingila, ta ce su can matsalar har ma'auni gare ta. Tsohon ma'aunin shi ne, gidan da sai ya kashe sama da kashi 10 cikin ɗari na abin da yake samu kafin ya ɗumama ɗakunansa, yana cikin talaucin makamashi. Ta ce ana rage wa masu ƙaramin ƙarfi fam 150 daga bil ɗin wuta lokacin sanyi, kuma a 2013 doka ta ɗora wa manyan kamfanonin makamashi nauyin gyara gidajen irin waɗannan mutane, a toshe rufi da bango don kada ɗumi ya tsere. Ta ce su ma ana ƙorafi, tsofaffi na kwana cikin sanyi don tsoron bil. Na ɗauki biro na haɗa kati da gas da gawayi na gwada da albashina. Kashi goman nan na wuce shi tun kafin in sa gas a lissafi.

Su sanyi ke cin kuɗinsu, mu zafi da tukunya. Ɗakinmu na ciki rufin kwano ne ba silin, da azahar ko ƙadangare ba ya zama. Najeriya ta fitar da ƙa'idar gini mai tsimin makamashi a 2017, mai maganar inuwar tagogi da rufin da ke tare zafi, amma magini a Pantami da ido da igiya yake aiki, mai gida kuma ɗakuna yake ƙirgawa. Ɗakin kakata na ƙasa a Kumo, mai kaurin bango da rufin azara, ya fi namu sanyi ba tare da fanka ba. Na yi wa Baba mai gidan maganar silin, ya ce in sa, a cire a haya. Ban kai ga haka ba tukuna.

Abin da na gani a tafiyar nan shi ne kowane mataki na tsimi sai da na fara fitar da dunƙulallen kuɗi: mita, waya, ƙwai, roba, murhu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma ni ina da albashi da adashi da miji mai turo wani abu. Maƙwabciyata Maman Sadiya wankau take yi. Tun da na fita daga bil ɗin gida, su uku suke raba abin da ake kawowa, kuma bai ragu daidai da fitata ba. Ta zo ta ce, "Yaya, ki raka ni in cike fom ɗin nan." Na raka ta. Sai dai tun watan Mayun 2024 hukumar NERC ta sakar wa 'yan kasuwa farashin mita, mai layi ɗaya ta haura naira dubu ɗari, kuma mitocin da aka saya da asusun naira biliyan 21 na shekarar don rabawa kyauta, masu rukunin A aka ce a fara ba. Fom ɗinta yana nan a ofis. Mun sa ta a adashin makaranta duk da ba malama ba ce, ɗaukarta sai bayan babbar salla.